Yaro ya zo asibiti da alamar azaba: a rufe ko a kai ƙara?

Adda Ungozoma: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga likitoci da masana doka, amma kowa ya sa baki. Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi shekarun kowa ba, kar wanda ya biyo ni ta bayan fage yana bincike. A ƙaramin asibitin da nake aiki akan kawo yaro da ƙuna ko karaya, wanda ya kawo shi ya ce faɗuwa ya yi ko murhu ya taka, alhali kana ganin ciwon ka san ba haka aka yi ba. Wuta ita kaɗai ba ta zana siffar cokali a cinyar yaro. Shugabanmu ya ce aikinmu magani ne kawai, abin da muka gani sirri ne, in na je birgad, wato ofishin jandarma, ni za a kama. Sannan ga matsalar karne, wato littafin jinya. Kun san a nan Kamaru mara lafiya shi ke sayen karnensa ya tafi da shi gida. In na rubuta gaskiya, hannun wanda nake zargi zai koma, ko bai iya Faransanci ba ɗan maƙwabci zai karanta masa. In na rubuta "haɗarin gida" na yi ƙarya, kuma wanda zai duba yaron nan gaba ba zai san komai ba. Yaya zan yi?

Bappa Alhaji: Wa alaikumus salam. 'Yata, yi maganinki ki sallami mutane. Asibiti wurin rufin asiri ne. Ranar da aka ji cewa wanda ya kai ɗansa asibiti jandarma zai biyo shi gida, wallahi kun rufe ƙofarku da hannunku. Wurin wanzami da mai ɗori za a koma, yaron da kike son ceto ya ƙare a ɗaki ba wanda ya gan shi.

Maman Biyu: Bappa, da girmanka, asirin wa ake rufawa? Na yaron ko na mai cokalin?

Bappa Alhaji: Na gida. Ba daga sama yaro ya faɗo ba.

Metir (lauya), Ngaundare: Bari in shigo kafin a yi nisa, domin rabin magana shugaban Adda ya faɗa. A dokar hukunta laifuka ta 12 ga Yuli 2016, sashe na 310 shi ne na sirrin sana'a. Wanda ya fallasa abin da ya sani ta dalilin aikinsa ba da izinin mai sirrin ba, hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 da tarar sefa 20,000 zuwa 100,000. Nan shugabanku ya tsaya. Amma sakin layi na biyu ya ce hukuncin bai shafi bayanin da aka kai wa hukumar shari'a ko jami'in bincike ba, matuƙar abin da aka gani zai iya zama laifi. Sai na uku ya dawo ya cire wasu daga wannan sassauci, cikinsu akwai likita da likitan fiɗa da lauya da jagoran addini. Likita bakinsa a ɗaure yake sai hukuma ta aiko masa da rekizisiyo, wato takardar neman bayani a hukumance, ko kotu ta ɗora masa aikin bincike.

Ku duba waɗanda aka lissafa. Ba ungozoma, ba infirmiye, wato nas. A karatuna, ke Adda in kika je wa kwamandan birgad ko purokire, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, 310 ba ya kama ki. Banda haka, sashe na 135 na dokar tsarin shari'ar laifuka ta 2005 ya ɗora wa duk wanda ya san an aikata laifi irin wannan ya sanar da purokire ko jami'in bincike nan take, ya kuma maimaita hakan a kan ma'aikacin gwamnati da ya gano abin a bakin aiki. Ga kuma 283: ka ga mutum cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni, kana iya taimakonsa ko kiran masu taimako ka ƙi, wata 1 zuwa shekara 3. Wato shirun ma yana da nasa hukuncin.

Adda Ungozoma: Ikon Allah. Ni ko sau ɗaya ba a taɓa karanta mana wannan 135 ɗin ba.

Likita, Marwa: Metir ya taɓo inda ke mana ciwo. Doka ɗaya ta ce kowa ya faɗa, ɗaya ta ce in kai likita ne ka jira a tambaye ka a rubuce. Faransa ta warware nata tuni, sashe na 226-14 na dokarsu ya buɗe wa likita baki in yaro ake cuta. Mu muna nan a tsakiya.

Ga yadda nake yi, ban ce shi ne doka ba. In na ji tsoron abin da zai sami yaro a gida, nakan kwantar da shi, ko da ciwon bai kai na kwanciya ba. Wannan ya ba ni lokaci. In kira ma'aikaciyar sosiyal ta asibiti, mai kula da jin daɗin jama'a, mu nemi wani daga dangin yaron mai tausayinsa, uwa ce ko kaka ko kawu, a taimaka masa ya shigar da ƙara. Da zarar ƙara ta shiga rekizisiyo zai zo, ni kuma in rubuta duk abin da na gani ba fargaba.

Batun karne kuwa, Adda, zaɓi bai tsaya ga ƙarya ko zargi ba. Ki rubuta abin da ido ya gani: ƙuna a wuri kaza, faɗinta santimita kaza, gefenta a shate, akwai tsohon tabo a wuri kaza. Labarin kuma ki jingina shi ga mai shi, ki ce a cewar wanda ya kawo yaron. Duk ma'aikacin lafiya da ya karanta zai gane, wanda ya yi aikin kuma ba zai ga sunansa ba. Shakkarki da abin da yaron ya faɗa miki da bakinsa, waɗannan su zauna a rajistar asibiti, wadda ba ta fita. Kuma kalmomin yaron yadda ya faɗe su za ki rubuta, kar ki gyara masa Hausa.

Metir, Ngaundare: Dakta, ita ma'aikaciyar sosiyal ɗin da ka faɗa wa, wani lauyan zai ce ka riga ka karya 310.

Likita, Marwa: Ya faɗa. Abokiyar aiki ce a jinyar yaron, a cikin asibiti. Gara in amsa wannan tambaya a gaban majalisar likitoci da in amsa waccan a gaban Allah.

Infirmiye Gidar: Ina goyon bayan Dakta, amma a yi hattara da saurin zargi. Mu a ƙauye muna ganin shatin ƙaho a baya, tsagar wanzami a ciki, lalas da aka yi wa yaro don shawara ko ciwon haƙarƙari. Jahilci ne, yana cutarwa, amma uwar ba mugunta ta nufa ba. Mai sikila hannu da ƙafa kan kumbura kamar an buge shi. Mai tamowa fatarsa kan saɓule kamar ƙuna. Akwai yaran da jininsu ba ya daskarewa, ɗan gogar bango sai jiki ya yi baƙi. Ka kira wa irin wannan uwa jandarma, ka kashe ta a gari.

Likita, Marwa: Gaskiya ne, shi ya sa ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne labari bai dace da ciwo ba, ko yana canzawa daga bakin wannan zuwa na wancan. Jariri bai fara rarrafe ba ya zo da karaya. Rauni a kunne, wuya, ciki ko bayan cinya, wuraren da faɗuwar wasa ba ta cika samu ba. Ƙunar ruwan zafi da ta tsaya cak a wuyan hannu, ba fantsama ko ɗaya. Sabon ciwo kan tsoho. Da kuma jinkirin kawo yaro ba dalili. Mu ba alƙalai ba ne, ba a ce sai mun tabbatar ba. Amma wanda bai iya bambance ƙaho da bulala ba ya tambayi na gaba da shi tukuna.

Modibbo: Tunda an ambaci rufin asiri, kar a bar shi ba bayani. Hadisin wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa ingantacce ne. Amma malamai sun sa shi ga wanda ya yi zunubinsa ya wuce, ba ga wanda cutarwarsa ke ci gaba a kan mai rauni ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton laifin mutum ba ya zama giba, ciki har da kai kuka ga mai iko da neman taimako don kawar da ɓarna. Sharaɗi dai shi ne ga mai ikon gyara za a kai. Bakin rijiya da gidan suna ba su cikin lissafi.

Goggon Yara: Modibbo Allah ya ƙara ilimi. Ku ga irin abin da ake magana a kai, wata ƙawata ta turo mini.

Mai Kula da Zaure: Goggo, na goge hoton. Fuskar yarinya a fili, ga shafin karnenta da sunanta da unguwarsu. Duk wanda ya sauke a wayarsa ya goge, don Allah. Wanda ya sake turo irin wannan zan cire shi, ko wane ne.

Goggon Yara: Ai don a tausaya mata ne.

Ɗan Kusiri: Goggo, haka ake cewa kullum. Mu nan da ke kallon Njamena ta tsallaken ruwa ba mu manta Fabrairun 2016 ba, lokacin da wasu samari 'ya'yan manya suka yi wa wata ɗaliba fyaɗe aka watsa hotunanta a intanet. 'Yan makaranta sun fito zanga-zanga, an yi shari'a, an ɗaure wasu. Amma hoton da ya shiga wayoyin mutane ba kotun da ta iya dawo da shi. Ni tsorona a asibitocinmu ma'aikacin da zai ɗauki hoton ciwo ya tura wa abokai ya fi ƙarfin tsoron wanda zai je birgad.

Likita, Marwa: Wannan kam 310 ne tsantsa, ba sakin layin da zai cece shi.

Malamar Lise: Ku bar ƙananan yara, ku zo ga 'yanmatana na aji uku da na huɗu. Yarinya 'yar shekara 14 ko 15 abu ya same ta, ta gwammace ta mutu da shi da ta je asibiti, saboda ta san karne a aljihun babanta yake, mai sayar da tikiti ɗan unguwarsu ne, kuma sai an kira sunanta da ƙarfi a baranda. Ina tambaya: in ta ce wa likita kar a faɗa wa babana, yana da ikon riƙe mata?

Metir, Ngaundare: A wajen mu'amala sai shekara 21 mutum ke cika balaga a dokar Kamaru, a wajen laifi 18. Don haka iyaye su ke tsaya wa yaro, su ke sa hannu. Amma yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Kamaru ta amince da ita a 1993, sashe na 16 ya ba yaro haƙƙin sirrinsa, na 12 ya ce a saurari ra'ayinsa gwargwadon hankalinsa, na 19 ya wajabta kare shi ko daga iyayensa ne. Ikon uba an ba shi ne don amfanin yaro. Inda uban ko wani da yake karewa shi ne ake zargi, ban ga yadda za a ce a miƙa masa abin da ta faɗa ba.

Likita, Marwa: Ni ba na yi mata alkawarin da ba zan cika ba. Tun farko nakan ce: abin da kika faɗa mini tsakaninmu ne, sai in na ga rayuwarki ko ta wani yaro na cikin haɗari, to sai na nemi taimako, kuma ba zan yi ba tare da kin sani ba. Sannan in tambaye ta wa ta yarda da shi a gida. Yawanci akwai wata goggo ko yaya.

Ku isar wa iyaye mata wannan, ya fi duk gardamar nan muhimmanci. In an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki har kwana 5. Kar a jira taron dangi, kar a jira takardar jandarma, a fara zuwa asibiti. Ko ta yi wanka a kawo ta, a zo da tufafin. Sau da yawa sai an gama zaman sulhu ake kawo mana, lokaci ya riga ya wuce.

Su kuma iyaye maza masu zuwa su ce "Dakta duba mini ita ko tana nan", ba na yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a 2018 ta ce wannan gwaji ba shi da tushe a ilimi, a daina. Dubawa ba ta nuna budurci, kuma mafi yawan yaran da aka ci zarafinsu ba a ganin wata alama a jikinsu. Takardar da ta ce ba a ga rauni ba, ba ta ce ƙarya yarinyar ta yi ba.

Maman Biyu: Zaman sulhun nan shi ne masifar. A je gaban jauro ko lawan, a yanka kuɗi, a ce ya aure ta a rufe magana.

Metir, Ngaundare: Kafin 2016 auren kan shafe laifin a doka. Yanzu sashe na 297 ya ce aure ba ya tsayar da tuhuma ko hukunci. Sashe na 346 kuma ya ce in ba ta kai 16 ba, ko da yardarta ne shekara 10 zuwa 15, in fyaɗe ne 15 zuwa 25, in mai iko a kanta ne ya yi, rai da rai. Jauro na iya sasanta gona da bashi. Wannan ba hurumin fadarsa ba ne.

Bappa Alhaji: To kun ji. Rai da rai. Kuna ta lissafo sashe, ba wanda ya ce mini wa zai ciyar da sauran 'ya'yan in an ɗaure mai gidan. Uwar da ta kai ƙarar ƙanin mijinta, a daren za a miƙa mata takardarta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni ban ce a bar mugu ba. A kira shi gaban manya, a raba shi da yaron, a kore shi daga gari in ta kama.

Maman Biyu: A kore shi ya tafi Pitowa ko Figil ya sami 'ya'yan wasu? Su ba 'ya'ya ba ne?

Madam Sosiyal: Na daɗe ina karantawa. Bappa, tambayarka ta abinci gaskiya ce, kuma ni ce nake cin karo da ita, ba Metir ba. Masu cewa a kai rahoto su sani rahoto farkon wahala ne. An kawo mini yaro yau da dare, ina zan kwantar da shi? Wuraren karɓar yara kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suke. Kuɗin babur na zuwa gidan sau da yawa daga aljihuna yake fita. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne dangi: a mayar da yaro wurin kakarsa ta wajen uwa ko wata goggo, da sanin hukuma, muna leƙawa. Nan ne nake buƙatar irinku Bappa. Dattijo ɗaya in ya tsaya ya ce ba mai sakin matar nan don ta kare 'yarta, ya fi mini takarda goma.

Inda na saɓa da kai shi ne korar mutum a ɓoye. Ba rubutu, ba wanda ya sani a inda ya sauka. Kuma yarinyar ta girma tana ganin an zaɓi sunan gida a kanta.

Hamma na Amurka: Nan inda nake aiki likita da nas da malamin makaranta dole ne su kai rahoto, zargi mai dalili ya isa, wanda ya yi da kyakkyawar niyya kuma ba a hukunta shi ko an bincika ba a sami komai ba. Abin ya samo asali daga rubutun da likitan yara Henry Kempe da abokansa suka fitar a 1962, kafin ƙarshen shekarun 1960 kowace jiha ta yi dokarta, ta tarayya ta biyo a 1974. Amma kar ku ɗauka aljanna ce. Mafi yawan rahotannin ba a tabbatar da su, kuma gidajen talakawa da baƙaƙen fata aka fi ƙwanƙwasawa. Akwai iyayen da ke tsoron asibiti saboda haka, abin da Bappa ya faɗa tun farko. Abin da zan so Kamaru ta ɗauka shi ne kariyar nan ga wanda ya faɗa.

Infirmiye Gidar: Kariya a takarda daban, a ƙauye daban. Ni kaɗai ne ma'aikaci a wurina, gidan haya nake, matata na zuwa kasuwa ɗaya da su. Ko ban sa suna ba an san ni ne.

Madam Sosiyal: Shi ya sa kar ka ɗauka kai kaɗai. Tura yaron asibitin gunduma da takardar turawa, ka kira likitan can ka faɗa masa baki da baki. Daga can maganar za ta tashi, ba daga ƙofarka ba.

Modibbo: Ba a ambaci almajirai ba, kuma ni zan ambata tunda gidanmu ne. Yaro iyayensa na Mora ko ma tsallaken iyaka, gardi ya yi masa dukan da ya fasa baya, abokinsa ɗan shekara goma ya rako shi asibiti. Wa ke riƙe karnensa? Wa zai shigar masa da ƙara har rekizisiyon Dakta ya fito? Hanyar neman kaka ko kawu ba ta aiki a nan.

Metir, Ngaundare: Ba sai dangi ba. Purokire na iya buɗe bincike daga bayanin kowa, har ma'aikaciyar sosiyal ko mai unguwa. Sashe na 350 kuma ya tsananta hukuncin duka in yaron bai kai 15 ba. Abin da ke kashe irin wannan shari'a shi ne sartifika, wato takardar shaidar likita. Kwanakin jinya da likita ya rubuta su ke nuna girman laifin: sama da kwana 8 zuwa 30 sashe na 281 ne, sama da 30 sashe na 280. Kuma takardar kuɗi ake biya. Almajiri ba shi da su.

Goggon Yara: Wannan kam ƙungiyarmu ta mata za ta iya ɗauka, muna da asusun adashi. A faɗa mana nawa ne kawai, ba sai mun san yaron ba.

Mai Kula da Zaure: Madalla Goggo. Ku yi maganar da Madam Sosiyal a gefe.

Ɗan Kusiri: Tambaya ta ƙarshe daga ni. A nan da an ji ƙishin-ƙishin asibiti ya fara tambaya, sai a ɗauke yaro a haye gadar Ngeli a kai shi wani asibiti a Njamena, a sayi sabon karne. Wasu kuma daga can suke kawo nasu nan, musamman amaren da ba su kai ba, tunda Cadi ta haramta aure ƙasa da shekara 18 tun 2015. In an tsallaka da yaro shi ke nan magana ta mutu?

Metir, Ngaundare: Ba ta mutu ba. Laifin da aka yi a Kusiri kotun Kusiri ke da shi, ko ina aka kai yaron jinya. Wahalar ita ce hujja. In ma'aikacin farko ya rubuta abin da ya gani a rajista, da rana da sa hannu, rekizisiyo zai same shi ko bayan wata shida ne. In a karne kaɗai ya rubuta, ya tafi da su.

Bappa Alhaji: Har yanzu ban ji wanda zai biya kuɗin hayar uwar ba in an sake ta. Madam, turo mini lambarki ta gefe, akwai maganar da ba ta zaure ba ce.